Shanun Hagu Biyu a Karkiya Ɗaya

Litinin, 21 ga Oktoba

Sauya igiyar karkiya tun kafin fitowar rana. Tsohuwar ta cinye.

Daga nan gona. Na tona da yatsa a gonar tudu, na tona a ta kwari. A kwari laima na nan, ƙasar tana dunƙuluwa a hannu kamar ƙullu. A tudu sai da na shiga gaɓa biyu kafin na ji sanyi. Damina ta ɗauke. Ruwan da baƙar ƙasar nan ta riƙe shi ne duk abin da alkama za ta sha har girbi, sai ɗan abin da raɓa ta ƙara. Makon nan iri zai shiga, ko kuma a haƙura.

Jiya wajen cin abinci Ame, mahaifiyarmu, ta faɗi maganarta a gabana da gaban yayana Ako Thaung. In alkamar bana ta sayi shinkafar gida biyu, namu ni da ita da kuma na Ako, har wata damina, gona ta zauna yadda Aba, mahaifinmu, ya bar ta. In ba ta saya ba, a ba masu kankana haya. Ako sai murmushi yake da jan bakinsa na taunar kun, ganyen nan mai rina baki kamar goro. Na ce na ga gonar da suka karɓa a hanyar Monywa, bayan sun tashi leda ce cikin ƙasa kamar tsumma, har yau garma na tono ta. Ya ce, "Sayama ta fara darasi, kowa ya naɗe hannu." Wai malama, don na yi aji goma shi ya tsaya a biyar. Shekarata arba'in da ɗaya, har yau bai gaji da wannan ba'ar ba.

Talata, 22 ga Oktoba

Aba da zai mutu bai raba gona ba, shanu ya raba. Shwe Ni, jan, na hagu, nawa. Pyu Gyi, farin, na dama, na Ako. Mutane suka yi ta cewa tsohon ya yi hikima, ya ɗaure mu a karkiya ɗaya. Su ba su taɓa zuwa roƙon rabin garmarsu a gidan wani ba.

Da sassafe na je ɗauko Pyu Gyi. Na tarar an wanke shi da sabulu, ana goge masa ƙaho da mai, matar Ako, Ma Htwe, tana ɗaura masa ƙararrawa. Bikin Katein na gidan ibada ya zo. Shi zai ja amalanken gaba, mai ɗauke da mayafan da za a kai wa masu zuhudu, shi da farin san mai gari, don launinsu ya zo ɗaya.

"Kwana nawa?"

"Huɗu. Namu, sai ƙauyuka biyu da suka gayyace mu."

"Ako, ƙasa ba ta san Katein ba."

"Ke ce dai ba ki san lada ba, Mi Nyo. Tun muna yara in aka ce ki zuba wa mai zuhudu shinkafa sai kin girgiza cokalin."

Ma Htwe ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ko da gangan ya yi? In alkama ta faɗi ai shi ya ci. Wani lokaci kuma ina ganin ba shi da wayon da zai yi da gangan, kuma wannan ya fi ba ni haushi.

Laraba, 23 ga Oktoba

Tudu: gaɓa uku. Daga gona ina jin gangarsu.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Bari in rubuta yadda abin ya faru, bi da bi, kada nan gaba in gyara wa kaina labari.

U Po Kha maƙwabcinmu yana da sa ɗaya da ya rage, ɗan'uwansa ya mutu bara. Na je aro. Ya ce, "'Yata, ɗauki, amma kin san na hagu ne." Na ce na sani. Ya ce, "To naki fa?" Na ce shi ma na hagun ne, na sani, kawu, ba yau na fara ba. Ya kalle ni ya ci gaba da hura tabarsa.

Na sani ɗin kuwa. San da ya tashi a hagu ba ya komawa dama, kowa a ƙauyen nan ya san haka tun kafin ya iya ɗaura zani. Sai na ce wa kaina Shwe Ni yana da hankali, yana jin muryata, shi zan mayar dama na yini ɗaya kawai. Yini ɗaya.

Na yafa iri a tudu da safe, yafin ya yi kyau. Da na ɗaura su a haro don rufe iri, tun layin farko suka fara. Na aron yana jan hagu yadda ya saba. Shwe Ni yana ta neman tsallakawa wurinsa na da, yana ture ɗan'uwan da kafaɗa. Karkiya ta karkace, haƙoran haro gefe ɗaya sun nutse, gefe ɗaya suna yawo a sama. A wajen juyawa kuwa sai su harɗe. Na yi tsawa, na yi lallashi, na yi duka. Ban taɓa dukan Shwe Ni ba sai yau.

Da rana ta take ya kamata in tsaya. Na ji gangar tana wucewa ta bakin rafi, sai na ce sai na gama.

Na gama. Layukan kamar sawun maciji. Wani wuri iri ya nutse da nisa, wani wuri yana kwance a fili, kurciyoyi sun riga sun sauka. A juyin ƙarshe Shwe Ni ya durƙusa, ya tashi da ƙyar.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Wuyansa ya kumbura, fatar ta saɓule ta gefen da bai saba ɗaukar karkiya ba. Ƙafar gaba ta dama ba ya taka ta sosai. Na shafa man riɗi da kurkum. Bai juyo ya kalle ni ba.

Ame ta tambaya me ya same shi. Na ce tuntuɓe.

Da an bar mini Pyu Gyi da duk wannan bai faru ba. Wannan gaskiya ce. Ina ta maimaita ta.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Jiya Ako ya dawo da san, har da furen takarda a ƙaho. Ya tsaya a turke ya daɗe yana duban wuyan Shwe Ni. U Po Kha ya riga ya ba duk mai shayi labari.

"Sayama, a aji na nawa ake koyar da hagu da dama?"

Na ce ya fita mini daga gida. Ya ce gidan Ame ne. Na jefe shi da bokiti, bai same shi ba.

Yanzu ga na dama ya dawo, na hagu ya kwanta. Kwari ba a shuka ba. Ko a can laima ta fara sauka.

Talata, 29 ga Oktoba

Da asuba na ji ƙararrawa a hanyar gona. Ako ne da Pyu Gyi shi kaɗai, ya saro babban reshen magarya ya ɗaura masa da igiya, ya ɗora dutse a kai. Bai gaishe ni ba. Ya ce, "Yafa, in bi ki. Ko shi ma sai an duba littafi?"

Na yafa, yana bina yana jan ƙaya a kan irin. Rufin bai kai na haro ba, amma ya rufu. Da muka gama kwari, zai tafi ya ce, "Kina kashe kanki a kan abin da ko ci ba kya yi. Yaushe rabon da ki sa alkama a baki?"

Ba ci nake ba. Masu injin gari a Monywa ke ci, su da masu shayin birni. To sai me? Shi kankanar zai ci?

An makara da mako guda. Ban gode masa ba. Ban ga dalili ba.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Tudu ya tsiro kamar kan mai ƙazuwa. Nan cunkus, can fili fetal. Na bi guraben da fartanya na dasa abin da ya rage na iri, ƙasar ta riga ta bushe, na san aikin banza nake.

Kwari ya fito sumul, amma ƙanana.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Dillalin masu kankana ya zo a babur, bai cire hular kwano ba har ya gama magana. Ya tsaya a bakin tudu yana kallon guraben, ya ce, "Yaya, ƙasar nan ta gaji da alkama, tana neman hutu." Na ce hutu a ƙarƙashin leda? Ya ce za su haƙa rijiyar burtsatse su bar mana. Na ce ruwan ƙasan nan gishiri ne, ya tambayi kowa. Ya yi dariya ya ce da Ko Thaung, yayana, ya saba magana. Na ce to ya je can, nan ba Ko Thaung.

Wa ya nuna masa hanyar gonar? Tambaya ce?

Shwe Ni ya fara taka ƙafar. Gashi bai fito a wuyan ba.

Alhamis, 12 ga Disamba

Sanyi ya sauka, raɓa da yawa, zanina jiƙe har gwiwa. Alkama na so. Cire ciyawa a kwari, rabi.

Da yamma Ame ta zuba mini shayi, ta zuba shi a kan tabarma, dab da kofin. Ta ci gaba da zubawa tana ba ni labarin wata mata. Da ta ji ɗumin a ƙafarta ta ce butar ce ta lalace.

Juma'a, 13 ga Disamba

Ma Htwe ce ta faɗa mini, a bakin rijiya, kamar kowa ya sani. Kowa ya sani ɗin ne, ban da ni.

Ba Ako ne ya fara zancen kankana ba. Ame ce. Tana so a yi wa ɗan Ako shinbyu bayan girbi, a hau da shi doki cikin kayan 'ya'yan sarki, a aske shi ya shiga zuhudu, a ciyar da gari kaf. Jikanta namiji ɗaya ke nan. Ta ce wa Ako tana so ta gani da idonta, kuma idon yana tafiya. Alkama ba ta taɓa yin irin wannan biki ba ko a shekara mai kyau.

Na dawo na sami Ame tana tsince wake da lalube. Na ce me ya sa ba a gaya mini ba. Ta ce, "Ke ana gaya miki abu? Kafin a rufe baki kin kawo dalili bakwai." Na ce ni ce nake dafa miki abinci, ni nake wanke miki zani, shi yana zuwa ya ci ya tafi, amma shi ake gaya wa. Ta ce, "Shi ya sa. Kin yi mini da yawa, ban iya roƙonki gonar ba kuma."

Sai ta mai da shi sharaɗi, wai alkama ta yanke. Ta bar ni ina faɗa da Ako wata biyu.

Ina fushi da ita. Ban san ko ana rubuta irin wannan ba. Na rubuta.

Laraba, 15 ga Janairu

Ɓeraye a gefen giginya. Tarko shida. Alkama ta fitar da kai, tudu ya riga kwari.

Shekaranjiya na zauna na yi ta auna abin a raina. In da Pyu Gyi na nan ranar Talata: tudu Talata, kwari Laraba, duka cikin laima. In da kuma na jira: Asabar ya dawo, tudu ya ɗan bushe amma layi miƙe, kwari Lahadi da haro na gaske. Na biyun ma da ya fi abin da nake da shi yanzu.

Ban so wannan lissafin ba. Na sake yi ta wata hanyar, ya sake fitowa haka.

Talata, 4 ga Fabrairu

Zafi ya zo da wuri. Iskar kudu tun hantsi. Kwari yana cikin madara, bai gama cika ba. Na murza zangarniya ɗaya, ƙwayar ta fara yamushewa. Makon nan da aka makara, ga shi nan.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Ame ta ce in kai ta gona. Na riƙe mata hannu har bakin tudu. Ta tsaya ta sa tafi a goshi tana dubawa, a daidai inda gurbin ya fi faɗi, inda akuya za ta kwanta ba ta taɓa kara ba.

Ta ce, "Kai, Mi Nyo, ta cika. Ko zamanin ubanku ban ga ta yi haka ba. Duk rawaya."

Na ce e.

Ta ce, "To shi ke nan, kin ci. Ki bar zancen bikin, wata shekara a yi."

Ba ba'a take ba. Na duba fuskarta sosai.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Girbi. Mata bakwai na gayya, waɗanda na yi wa cirar gyaɗa. Daw Saw Mya tun daga bakin gona ta fara: "Mi Nyo, wannan layin naki ina ya nufa, Mandalay?" Wata ta ce a'a, ya je ya dawo ne, ya manta tabarsa. Suka yi ta yi har rana ta yi tsaka. Na ce wadda ta gaji da lauje ta ajiye ta yi da baki, ya fi kaifi. Daw Saw Mya ta ce, "Da kin yi aure da kin san ba a haɗa masu hali ɗaya." Na ce shi ya sa naki mijin yake kwana a rumfar bammi.

Na ba su shinkafa da miyar wake da mazarƙwailar giginya. Damin tudu kaɗan ne amma da nauyi. Na kwari da yawa, ba nauyi. Hannu ya sani tun kafin awo.

Asabar, 1 ga Maris

Na shafe masussuka da kashin shanu shekaranjiya, ta bushe. Yau Ako ya kawo Pyu Gyi. Da aka ɗaura su, kowa ya tafi gefensa da kansa, ba wanda ya ce musu komai, suka fara zagaye a kan damin. Ako ya buɗe baki zai yi magana, ya ga fuskata, ya tofar da kun ɗinsa.

Sheƙa da yamma da iska ta taso. Ƙaiƙayi ya fi kullum, ƙwayar kwari mara nauyi tana bin iska tare da shi.

Talata, 4 ga Maris

Awo. Ni na auna, Ako na ɗaure buhu, Ame na zaune a kan kujera a inuwar tsamiya. Ban cika kwando da tozo ba, ban kuma rage ba. Bayan an cire iri, shinkafar gida ɗaya ce da ɗan ƙari. Ko da farashi ya tashi ba za ta kai biyu ba.

Na faɗa da bakina, da ƙarfi, don Ame ta ji. Ta ce, "Ashe?"

Na tsaya ina jiran Ako ya yi dariyarsa. Na ma shirya abin da zan ce.

Sai ya ce, "Ame, wannan awon ba a yi shi da gaskiya ba. Ni na ɗauke sa a makon shuka na tafi yawon ganga. Da na bar mata, da ta cika. A ba ta wata shekarar."

Ya san ba haka ba ne duka. Ya ga wuyan Shwe Ni. Kowa ya gani. Ya faɗa yana ɗaure buhu ko ɗagowa bai yi ba, kamar mai cewa za a yi ruwa.

Wata huɗu ina ɗauke da fushin nan, ina ba shi ci ina ba shi sha, mutumin nan ya zo ya karɓe shi a hannuna a gaban mutane. Ban taɓa jin haushinsa kamar yau ba.

Ame ta ce, "Kun ishe ni ku biyu. Kai ka ce laifinka ne, ita ta yi gum. Ni ba na gani, kai ba ka noma. Mi Nyo, ke ce mai gona. Abin da kika ce shi za a yi, kada kuma wanda ya sake kawo mini zancen."

Laraba, 5 ga Maris

Ba wanda ya ce mini komai yau. Ma Htwe ta aiko da soyayyen kabewa. Ame ta yini tana jan carbinta.

Na je tudu na zauna a cikin kututturen alkama. Ƙasar ta tsage, hannu na shiga. Na yi ta neman wanda zan yi wa faɗa.

Juma'a, 7 ga Maris

Na aika wa mai hular kwano ya zo gobe. Wurina, ba wurin Ako ba.

Ba yarda na yi ba. Tudu kaɗai, kaka ɗaya kaɗai, kwari ko ƙafarsu ba za ta taka ba. Tudun ma dama yana bukatar a hutar da shi, ba don shi ya faɗa ba, ni na gani. Ledar kuwa a gabana za su tsince ta, in sun ƙi ni zan tsince, na san haka zai ƙare.

Na gaya wa Ame da rana tana shafa tanaka, hodar itace, a fuska. Ta tsaya da hannu a kumatu. Ta ce, "Doki fari nake so, Mi Nyo. Fari nake iya gani." Na ce sai a ga abin da ya samu, farin doki ba a bakin hanya yake ba.

Akwai ɗaya a ƙauyen gaba. Na riga na tambaya.

Gobe:
— ware irin kwari, daga alkamar tudu, ita ce mai nauyi. Toka a tulun ajiye shi
— dillali da hantsi. A kafa turaku a iyaka kafin ya iso
— wajen Sayado, babban mai zuhudu, ya ba da ranar biki. Kada ta wuce watan nan
— mai doki
— buhuna zuwa Monywa, a amalanke. Ako ya tuƙa, ni ba zan zauna kusa da shi ba
— ƙaiƙayi: rabi turkena, rabi nasa
— a zaunar da Ame a gaba ranar, ta gefen da rana ba ta dukan ido. In duba wurin da kaina